Speed Graphic ta shigo hannuna: a sa ta kan ƙafa ko a riƙe ta a hannu?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Wani yayana ya taho mini da tsohuwar kyamarar 'yan jarida daga waje, Speed Graphic mai cin fallen fim inci 4 da 5. A bakin gilashinta an rubuta Kodak Ektar 127mm f/4.7, sai wata lamba da ta fara da EI. Ta zo da kuben fim, wato gidan da ake zura fallen a ciki, amma babu ƙafa, wato abin nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai. Ni kuma hotunan da suka ja ni ga harkar nan su ne waɗanda ake yi da gilashin Aero Ektar, fuska tar, baya duk ya narke. Shawara nake nema: in sayar da wannan gilashin in cika kuɗi in sayi wancan? Kuma wace irin ƙafa ce za ta iya ɗaukarta?

Injiniya Gusau:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka. Gilashinka na 1948 ne. Kodak suna ɓoye shekara a cikin kalmar CAMEROSITY, C ɗaya, A biyu, haka har Y ta zama sifili. E huɗu ce, I takwas, ka ga 48 ke nan. Idan a gefen dama akwai ɗan akwatin ma'aunin nisa da aka rubuta Kalart, to da wannan shekarar gilashin mai yiwuwa samfurin Pacemaker ce ta farko-farko, wadda aka fara yi a 1947.

Kafin maganar saye da sayarwa, duba lafiyarta tukuna. Shiga ɗaki da dare, cire gilashin da allonsa, ja zugazugin har ƙarshe, ka zura tocila a ciki. Duk inda ka ga ɗigon haske a kusurwa, to huda ce. Haka za ka yi wa labulen baya, wanda ke buɗewa ya bar haske ya faɗa kan fim, ka naɗa shi a hankali kana haska shi. Yadi ne da aka shafa wa roba, in ya shekara saba'in yakan bushe ya tsattsage.

Baba Mai Hoto:
Ɗana, kada ka sayar da komai. Kuma ka ajiye zancen ƙafa tukuna.

Dubi kyamarar da kyau. Me ya sa aka ɗaura mata maɗaurin fata a gefen hagu? Me ya sa aka yi mata firam na waya a gaba da ɗan rami a baya da za ka leƙa? Don mutum ya zura hannu ya ɗaga ta ya ɗauka yana tsaye, ko yana gudu ma. Waɗanda aka ƙera ta dominsu ba su da lokacin lulluɓa da baƙin mayafi. Yaran yanzu da sun ga zugazugi sai su ɗauka kyamarar situdiyo ce, su kafa ta a ƙafa su yi rabin awa suna murɗe-murɗe. Ba a hana ba, amma in don wannan ne akwai kyamarorin da suka fi ta nesa ba kusa ba.

Ga lissafin da za ka riƙe. Da wannan 127 ɗin naka, ka sa ƙofar haske a f/16, ka saita nisa a mita 3. Duk abin da ke tsakanin mita biyu da 'yan kai zuwa mita huɗu zai fito tsaf. In ka matse zuwa f/22 ka saita mita 5, daga mita 3 har wajen mita 15 naka ne. Ranarmu kuwa ba ta rowa. Fim mai ƙarfin 400, da hantsi, f/22 da 1/200 na daƙiƙa, ka gama. Mutanen New York sai da ƙwan filashi suke samun abin da kai Allah ya ba ka kyauta a ƙofar gida.

Sarkin Musu:
Ni dai ban gane ba. Akwatin katako mai nauyin kusan kilo uku, hoto biyu kacal a kube ɗaya, fim sai an yi oda, wanki sai an shiga duhu. Wayar da ke aljihun Ɗan Fagge tana narka bayan hoto da dannawa ɗaya. Wahalar ta mece ce?

Maman Ilham:
Sarkin Musu an iso. Sannu da aiki.

Sarkin Musu:
Yauwa Hajiya. Tambaya ce fa tsakani da Allah.

Malamin Tarihi:
Tambayar tana da amsa, amma bari in fara ƙarfafa maganar Baba, don tarihin kyamarar yana bayansa.

An fara yin Speed Graphic a garin Rochester na jihar New York a 1912, ba a daina ba sai 1973. Jikinta katakon mahogani ne aka lulluɓe da fata. Arthur Fellig, wanda duniya ta sani da Weegee, ita ya yi ta yawo da ita cikin daren New York yana bin gobara da kisan kai, da rediyon 'yan sanda a motarsa. Saitinsa kusan kullum guda ne: f/16, 1/200, nisan ƙafa goma, da ƙwan filashi. Ba ya tsayawa neman fokas, takawa yake yi har ya kai nisan da ya riga ya saita.

Hoton sojojin Amurka suna kafa tuta a dutsen Suribachi na tsibirin Iwo Jima, ranar 23 ga Fabrairun 1945, Joe Rosenthal na kamfanin dillancin labarai na AP ya ɗauke shi da irin wannan kyamara a 1/400. Ya tara duwatsu ya hau saboda gajere ne, sai ya ga tuta ta fara tashi, ya juyo da kyamara ya danna ba tare da ya leƙa ba. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Yasushi Nagao na jaridar Mainichi. Ranar 12 ga Oktoban 1960, a Tokyo, wani matashi ya hau dandamali ya soke shugaban jam'iyyar Soshalist ta Japan Inejiro Asanuma yana cikin jawabi. Nagao saura falle ɗaya gare shi. Da shi ya ɗauki hoton da ya ba shi kyautar Pulitzer ta 1961, shi ne kuma mutum na farko da ba Ba'amurke ba da ya ci ta a fannin hoto. Duk cikinsu babu wanda ya kafa ƙafa.

Kai kuma Sarkin Musu, dalilin girman fallen a wancan zamani ba ado ba ne. Faɗinsa ya ninka na ƙaramin fim mai milimita 35 wajen sau 13. Ɗan jarida zai tsaya nesa kaɗan ya ɗebo komai, edita ya yanko kusurwa ɗaya ya buga, ba ta dushe ba. Kuma falle ɗaya ake zarewa a wanke nan take, ba sai an jira naɗi ya ƙare ba.

Sarkin Musu:
To wancan zamani ke nan. Yanzu fa?

Malamin Tarihi:
Yanzu sha'awa ce, ba wanda ya ce dole. Amma ranar da ka riƙe nagatif ɗin a hannu ka ɗaga shi sama, ka ga zaren aikin hula ɗaya bayan ɗaya, ka dawo mu yi magana.

Ɗan Damagaram:
Baba, a gafarce ni, ina da ja. Ba na musun tarihin, amma yaron nan ba aikin jarida zai yi ba. Weegee jaridu ke sayen hotunansa, kuɗin fim yana dawo masa. Ɗan Fagge kuwa kowane falle daga aljihunsa zai fita, da kuɗin jirgi a kai. Mutumin da fallensa ƙidayayye ne ai gara ya kafa ƙafa, ya buɗe gilashin baya da ake duba fokas a kansa, ya tabbatar da abin da zai samu kafin ya danna.

Kuma mu nan yankin, manyan kyamarori da zama muka san su. Seydou Keïta a Bamako, tun da ya buɗe wurinsa a 1948, da kyamara mai falle santimita 13 da 18 ya yi aiki, a tsakar gida da hasken rana, mafi yawa falle ɗaya ga kowane mai zuwa. Ba kyamarar jarida ba ce, na sani, amma irin hoton da mutanenmu suke so ke nan: a zauna, a gyara riga, a fito da kyau. Batun Aero Ektar ma ba shirme ba ne. David Burnett, gogaggen ɗan jarida, shi ya ɗaura shi a Speed Graphic ya bi yaƙin neman zaɓen John Kerry a 2004, ya kuma je da ita gasar Olamfik ta Landan a 2012, kowa na riƙe da dijital. Daga nan ne ma farashin gilashin ya tashi.

Baba Mai Hoto:
Ba laifi Malam, ja ai shi ne muhawara. Amma Burnett ya shekara nawa yana aiki kafin ya ɗauki wannan gilashi? Tun yaƙin Biyetnam yake fage. Yaron da bai taɓa loda kube ba za ka haɗa da shi?

Injiniya Gusau:
Bari in sa lambobi a tsakaninku, don Ɗan Fagge ya san abin da zai saya in ya nace.

Aero Ektar ɗin da ake magana 178mm ne f/2.5. Kodak sun yi shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don kyamarorin jiragen sama masu ɗaukar hoton ƙasa, shi ya sa za ka ga da yawansu lambarsu ta fara da EE, wato 1944. Ba shi da shota, wato abin da ke buɗewa ya rufe in an danna, a jikinsa ko kaɗan. Dalilin da ya sa ake nema masa Speed ke nan ba Crown Graphic ba, don Crown ba ta da labulen baya. A nan kam ka dace.

Sauran kuwa sai haƙuri. Nauyinsa ya haura kilo ɗaya, allon gilashin kyamarar ƙarami ne, sai an ƙera masa na musamman, sau da yawa har da abin tallafe shi daga ƙasa don kada ya karya gaban. Ma'aunin nisanka na Kalart an daidaita shi ne da 127, da ka canza gilashi ya tashi daga aiki sai an sake zama an daidaita shi. In ka ɗauki mutum daga mita 2 a f/2.5, abin da zai fito tsaf bai wuce santimita 6 ba. Ido ya fito, kunne ya tafi. Ya ɗan numfasa ya matso kafin ka zura kube, shi ke nan falle ya tafi.

Sai babbar matsalar da ta shafe mu. Da fim mai ƙarfin 100 a tsakar rana, f/2.5 tana neman wajen 1/4000. Labulenka iyakarsa 1/1000. Wato hasken ya ninka abin da ake so sau huɗu. Ko dai ka shiga inuwa, ko ka jira la'asar sakaliya, ko ka nemi baƙin gilashin rage haske mai faɗin bakinsa, wanda shi ma kuɗi ne.

Ɗan Fagge:
Injiniya na ji an ce wai yana da radiyeshan. Gaskiya ne?

Injiniya Gusau:
Gaskiya ne. Akwai sinadarin toriyom a gilasan bayansa, shi ke sa su rine su yi ruwan shayi, rinin kuma yana cin haske. In aka shanya shi a hasken da ke da UV na wasu makonni yakan washe sosai. Ɗaukar hoto da shi ba abin tsoro ba ne, amma ba a ajiye shi a ƙarƙashin gado, ba a kanga ido a bayansa, kuma in ya fashe ba a wasa da garin. Kada ka bar shi kwance kusa da kwalin fim ma.

Tunda an zo maganar rana: kada ka taɓa barin kyamarar tana kallon rana da gilashi a buɗe. Hasken zai taru a kan labulen ya ƙona shi, cikin ɗan lokaci kaɗan.

Maman Ilham:
Duk kun tsaya kan gilashi, ba wanda ya tambayi yaron nan me zai sa a cikin kuben. Ƙanena, kana da fim?

Ɗan Fagge:
Babu ko ɗaya Anti.

Maman Ilham:
Ka gani. To saurara. Ilford HP5 da FP4, Kodak Tri-X 320, Fomapan na ƙasar Cek wanda ya fi su sauƙin kuɗi, duk ana yin su har yau a inci 4 da 5, amma sai an aiko maka. Kafin su iso, ka koyi hannu da abin da ke kusa. Fim ɗin hoton ƙashi na asibiti yana aiki. Masu sayar da kayan asibiti suna da shi, sai dai ka tabbatar irin na da ne wanda ake wankewa da magani, ba na injin zamani da ake bugawa a bushe ba, wancan ba ya jin hasken kyamara. Falle ɗaya mai inci 8 da 10 zai ba ka huɗu. Ka rage ɗan kaɗan a gefe wajen yanka, don fim ɗin gaske bai cika inci 4 da 5 cif ba, in ka yanka daidai ba zai shiga layin kuben ba.

Daɗinsa, ba ya ganin jan haske. Za ka yanka, ka loda, ka wanke a ƙarƙashin ɗan jan ƙwai mara ƙarfi, kana kallon hoto yana fitowa a tire. Ga mai koyo babu kamar wannan. Aibinsa kuma biyu. Maganin yana fuska biyu, gaba da baya, kuma in ya jiƙe taushi gare shi, farce kaɗan ya karce shi, gindin tire ma ya karce shi. Ni faifan gilashi nake shimfiɗawa a ƙasan tiren.

Na biyun ya fi muhimmanci gare mu. Tunda ba ya ganin ja, duk abin da ke da ja a cikinsa baƙi yake fitowa. Jar dara baƙa ƙirin. Lalle a hannun amarya kamar an zuba tawada. Fatarmu kuma akwai ja a cikinta, don haka fuska takan yi duhu fiye da yadda take, farar shadda kuma ta ƙone fat. In za ka ɗauki mutum da shi, kai shi inuwa mai haske, kamar bakin zaure, ka ƙara masa haske a kan abin da na'urar auna haske ta ce, ka kuma tsarma maganin wankin sosai. Maganin Rodinal kashi 1 cikin ruwa 100 nake yi. Hoton biki kam ba na yarda in yi da shi, sai fim na gaske.

Ɗan Damagaram:
Hajiya ta kawo abin da zai taimaki ɓangarena ba ta sani ba. Takardar wanke hoto ma ana sa ta a kube ta zama nagatif, ƙarfinta wajen 3 zuwa 6 ne kawai. Da ita, f/2.5 a tsakar rana tana komawa wajen 1/250. Matsalar Injiniya ta kau ke nan.

Injiniya Gusau:
Ta kau, na yarda. Ta Hajiya kuma ta ƙaru, don takarda ta fi fim ɗin asibiti makanta ga ja.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Yanzu in fim na gaske ya zo, a duhu ƙirin ta yaya zan gane gaba da baya?

Baba Mai Hoto:
Da yatsa. Kowane falle yana da 'yan tsaga a gefe guda kusa da kusurwa. Riƙe shi a tsaye, in tsagar tana sama ta hannun dama, to fuskar maganin tana kallonka. Haka za ka zura shi ƙarƙashin layukan kuben, ka ɗan ɗaga bakinsa da farce ka ji ya kama, ka rufe. Murfin kuben kansa yana da fari a gefe ɗaya, baƙi a ɗaya. Fari a waje, ba a ɗauka ba. In ka ɗauka, ka juya baƙin waje. Farin yana da 'yan ƙuraje da za ka ji a duhu.

Wajen ɗauka kuma ka haddace jeri, ka riƙa yinsa da kube babu fim har hannunka ya iya shi ba tare da kai ba. Kyamararka shota biyu gare ta, ta gaba a jikin gilashi, da labule a baya. In da ta gaba za ka yi aiki, labule ya tsaya a O, wato a buɗe. In da labule ne, ta gaba ta zauna a buɗe. Wanda ya manta wannan zai wanke fim ya ga fari fes, babu ko inuwa. Sannan labulen nan ba ya rufe tsagarsa in ana naɗa shi, saboda haka ka naɗa tukuna, sa'an nan ka zare murfin kube. In ka zare kafin ka naɗa, tsagar ta bi ta kan fim ta ba shi haske. Saita nisa, saita ƙofa, ɗana shota, zura kube, zare murfi, ɗauka, mayar da murfi da baƙi a waje. Murfin da ka zare kuma akwai ɗan maƙali a bayan kyamarar, ko ka soke shi a aljihun gaba. Kada ka ajiye shi a ƙasa.

Maman Ilham:
Musamman da hunturu. Ƙurar nan ita ce babbar abokiyar gaba. Iska ta bushe, ka zare murfi da sauri, ya ja ƙura ya manna wa fim, kowane ƙwayar ƙura kuma baƙin ɗigo ce a sararin sama in an buga. Kowane kube da ledarsa mai zif. Kafin lodi ka share shi da burushi mai laushi, ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin ka jira ƙura ta kwanta. Ni a banɗaki nake lodi bayan an yi wanka.

Da bazara kuma ruwan ne matsala. Lokutan da ke jikin kwali na ruwa mai digiri 20 ne, na tankinmu kuwa ya haura 30. In ka wanke da shi haka, lokacin zai gajarce har ya kasa minti biyar, wankin ya yi dabbare-dabbare. Sayi ƙanƙara, ka sanyaya maganin da fiksa mai tsayar da hoton da ruwan ɗauraya duka su zo kusa da juna. Jakar duhu ta zura hannu kuwa, a watan Afrilu gumi za ka yi a ciki ka ɓata fallen. Gara ka jira dare ka toshe taga. In an ɗauke wuta ma ya fi.

Sarkin Musu:
Ƙanƙara, leda, banɗaki, jiran a ɗauke wuta. Allah ya ba ku lada.

Malamin Tarihi:
Amin. Ɗan Fagge, ta zo da sandar filashi a gefe?

Ɗan Fagge:
A'a Malam, sai maƙalinta kawai.

Malamin Tarihi:
Ba mamaki. Sandar Graflex mai cin batir uku da ita aka yi takobin haske na fim ɗin Star Wars na 1977, tun daga nan masoya fim ɗin suke saye suna fasawa, har takan fi kyamarar tsada. Ba asara ka yi ba sosai, ƙwan nan sau ɗaya yake ci ya mutu, ya fito da zafi.

Injiniya Gusau:
In ma zai sa filashin zamani, ya duba shotar gaban ko tana da alamar X. Saitin M na ƙwai ne, yana kunna wuta wajen kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa kafin shota ta gama buɗewa, don ƙwan ya samu ya kai ƙarfinsa. Filashin zamani a M ya riga ya haska ya mutu kafin a buɗe. Da labulen baya kuwa kada ma ya gwada, siririn layi kawai zai samu a fim.

Wani abu kuma Baba bai faɗa ba. Tsofaffin shotocin nan sun gaji. Inda aka rubuta 1/400 da wuya ya kai, ƙananan kuma irin rabin daƙiƙa sukan maƙale a hanya. Sa kunne: a daƙiƙa ɗaya ya kamata ka ji zzzz mai santsi har ta rufe. In tana tsayawa, tsohon mai gyaran agogo zai iya wanke mata haƙoran. Ka dai gaya masa kada mai ya taɓa ganyen shotar ko na ƙofar haske.

Ɗan Damagaram:
To Baba, ga tambaya. Ektar 127 ɗin da kake yabo, ai da ƙyar yake rufe inci 4 da 5. Asalinsa na ƙaramin falle ne mai inci 3¼ da 4¼. Ka ɗan ɗaga gaban kyamara don ka daidaita hasumiyar masallaci, kusurwoyin sama sun yi duhu. Ko gilasan Optar 135 da Xenar 135 da suke zuwa da wasu ba su fi shi da yawa ba, duk zubin Tessar ne mai gilashi huɗu.

Baba Mai Hoto:
Haka ne, ban musa ba. A buɗe ma kusurwoyinsa da laushi, sai an matse shi zuwa f/16 suke miƙewa. Amma ka ga ai maganata ka maimaita. 'Yan jarida sun zaɓe shi ne don ya fi faɗin gani, ga tsakiyarsa kaifi kamar aska, kusurwa kuma edita zai yanke. Ba a yi shi don gini ba. Bayan kyamarar ma ba ya juyawa, in kana son hoto a tsaye sai ka kwantar da ita gaba ɗaya. Mai son gini ya nemi Linhof Technika ta Jamus in yana da kuɗinta, ko Super Graphic da ta fito a 1958 mai juya baya. Wannan ta mutane ce a kan titi.

Ɗana, in hawan Sallah ya zo, ka je da ita. Ka zaɓi wuri, ka saita mita 8 ko 10 a kan wani abu da ke ƙasa, ka buɗe shotar gaba, labule a 1/500 ko 1/1000, fim mai 400. Ka leƙa ta firam ɗin waya da ido biyu a buɗe, ka jira doki ya taka wurin. Tsagar labulen daga sama take gangarowa, don haka abin da ke gudu a gicciye yakan ɗan karkata a hoto, irin yadda tayar motar tsere ta karkace a sanannen hoton Lartigue na Faransa. Ni ina son wannan karkatar. Sau ɗaya za ka danna kafin su wuce, sai ka juya kube ka jira na gaba.

Ɗan Damagaram:
A hawa kam na sallama, ba wurin kafa ƙafa, dogarai ma ba za su bari ba. Amma hoton tsohuwa a ɗakinta, ina nan kan bakana.

Baba Mai Hoto:
A ɗaki ai ni ma ƙafa zan kafa. Akwai ramin ƙusa biyu a jikinta, ƙasa da gefe, ba don ado aka yi su ba. Cewa na yi kada ya fara da nan.

Ɗan Fagge:
Na fasa sayarwa. Na gwada tocila, zugazugi lafiya lau, labule akwai huda biyu ƙanana kusa da gefe. Amma ga wata sabuwa: na saita ma'aunin nisa a kan eriyar da ke can nesa, hotuna biyun sun haɗu, da na buɗe gilashin baya sai na ga ba ta fito tsaf ba.

Injiniya Gusau:
Hudar ka ɗiga mata baƙin fentin yadi mai laushi, siriri, ka bar shi ya bushe sarai kafin ka naɗa.

Ɗayar kuma kada ka taɓa ƙusoshin Kalart tukuna. Mafi yawa ba shi ne mai laifi ba. A kan layin dogon da gaban kyamara ke gudu akwai 'yan ƙarafa biyu masu tare shi, su ne ke tsayar da gilashi a daidai nesa. Duba ko ka jawo gaban har ya dafe su duka biyun ka kulle, ko kuwa wani ya taɓa matsar da su don wani gilashin. Mayar da layin dogon baya gaba ɗaya, buɗe ƙofa a f/4.7, sassauta gaban ka riƙa matsar da shi da hannu kana duban eriyar a gilashin baya da madubin ƙara girma. Inda ta fito tsaf, kulle, ka kawo ƙarafan nan su dafe shi ka ɗaure. Daga nan ka gwada a mita 5 da mita 2. In nesa ta daidaita amma kusa ta ƙi, sannan ne za mu buɗe murfin Kalart ɗin. Ka turo hoton layin dogon daga sama in ga inda ƙarafan suke yanzu.